Ɗariƙar Jinƙai a Tsakanin Taurari

Idan aka ce wa mutum akwai wata ɗariƙa da mata masu ibada ke jagoranta, wadda ta ɗaukar wa kanta alkawarin ba za ta goyi bayan kowane sarki a yaƙinsa ba, sai dai ta bi sawun mayaƙa tana kwasar masu rauni, tana ciyar da waɗanda yunwa ta ci ƙarfinsu, tana neman matafiyin da ya ɓace har ta sada shi da danginsa, to, ba zai yi wani mamaki ba, domin tarihin addinai cike yake da irin waɗannan bayin Allah. Amma idan aka ƙara masa da cewa zawiyoyin wannan ɗariƙa a tsakanin taurari suke rataye, kuma tun ranar da aka ƙago ta babu mahaluƙi mai jini a jika da ya taɓa yin mubaya'a a cikinta, lalle zai gyara zama ya nemi ƙarin bayani. Sunanta Sisters of EVE, wato 'Yan'uwa Mata na ƙofar EVE, kuma mazauninta shi ne wani wasan kwamfuta da ake yi ta intanet mai suna EVE Online, wanda kamfanin CCP Games na birnin Reykjavik, a tsibirin Aislan, ya fitar a watan Mayun 2003.

Ƙasar Aislan ƙarama ce ƙwarai, mutanenta duka ba su kai rabin miliyan ba, amma abin da 'ya'yanta suka gina a cikin wannan wasa ya fi ƙarfin ƙidayar mai gaggawa: taurari wajen 7,800, kowanne da duniyoyin da ke kewaya shi, da tashoshi, da kasuwanni, da hanyoyin fatauci, kuma in ban da ƙasar Sin da aka ware wa tata, duk masu wasan duniya a fili ɗaya suke haɗuwa, ta yadda abin da Bajamushe ya ƙera da safe Ba'amurke zai iya saya da rana, Barashe kuma ya ƙone shi kafin gari ya waye. Ƙissar da aka ɗora wasan a kanta ita ce, bayan dubban shekaru masu zuwa, 'yan Adam sun cika duniyarsu har ta yi musu ƙunci, sai suka tarar da wata ɓaraka a jikin sararin samaniya wadda ke kai mutum wani yanki mai nisan da hankali ba ya ɗauka. Suka gina mata ƙofa, suka sa mata suna EVE, suka dinga kwarara zuwa sabuwar ƙasar da suka kira New Eden. Ana nan, rannan sai ƙofar ta rushe da wata irin girgiza mai halakarwa, waɗanda suka ƙetare suka yanke daga asalinsu, mafi yawansu yunwa da sanyi suka gama da su, 'yan tsirarun da suka tsira kuwa suka koma jahiliyya, suka manta ilmin kakanninsu, har labarin duniyarmu ya zame musu almara. Daga zuriyar waɗannan ne manyan dauloli huɗu suka taso: Amarr, masu sarauta da sunan addini kuma masu riƙe bayi, Minmatar, ƙabilun da Amarr suka bautar har suka yi tawaye suka ƙwaci kansu, Gallente, masu mulkin zaɓe da son sakewa, da Caldari, waɗanda manyan kamfanoni ne hukumarsu.

Shi mai wasa yana shiga ne a matsayin matuƙin jirgi wanda ke kwance cikin wani ƙwanso, yana sarrafa jirgin da tunaninsa, kuma mutuwa ba ta zame masa ƙarshe ba, don in an fasa ƙwanson sai hankalinsa ya farka a cikin wani jikin ajiya da aka tanadar masa a tashar gida. Abin da ba ya dawowa shi ne dukiya. Jirgin da mutum ya yi wata uku yana tara kuɗinsa, in an tarwatsa shi, ya tafi ke nan har abada, kuma wannan ƙa'ida ɗaya ita ce ta haifar da duk halin wannan duniya. Kamfanin da ya ƙirƙiri wasan ya halatta fashi, ya halatta zamba cikin aminci, ya halatta cin amana, muddin da kayan cikin wasa aka yi su. Akwai 'yan sandan sarari da ake kira CONCORD, amma aikinsu hukunta mai laifi ne bayan ya riga ya aikata, ba su ɗauki nauyin hana shi ba. A shekarar 2005 wasu 'yan kwangilar kisa sun shafe watanni da yawa suna zaune cikin wata ƙungiya kamar 'ya'yanta na halal, suna samun girma da yarda, har ranar da suka kashe shugabarta suka kwashe taskokinta a sa'a guda, kuma aka yi ta ba da labarin a mujallu ana jinjina wa wayonsu. A ranar 27 ga Janairun 2014 kuwa, saboda wata ƙungiya ta yi sakacin biyan kuɗin mallakar wani tauraro mai suna B-R5RB, sai yaƙi ya ɓarke wanda ya ɗauki kimanin sa'o'i 21, matuƙa fiye da 7,500 suka shiga, aka farfasa jirage 75 daga cikin mafi girman da ake ƙerawa, aka ƙiyasta hasarar da abin da ya kai dalar Amurka 300,000 in an juya ta zuwa kuɗin gaske. Wannan ita ce unguwar da aka ajiye 'Yan'uwa Mata a cikinta.

Aikinsu da aƙidarsu

Bisa ga ƙissar, sunan ɗariƙar ya fito ne a zamanin dogon yaƙin da aka yi tsakanin Gallente da Caldari, lokacin da suka zama masu shiga tsakanin sahu biyu suna ɗaukar waɗanda aka bari, ba tare da tambayar tutar wa suke bi ba. Daga nan aikinsu ya faɗaɗa zuwa duk inda fari ko annoba ko gudun hijira ya sauka, da kuma ceton jiragen da suka ɓace a sarari. Suna da reshe mai kula da rabon abinci, suna da wani reshen na bincike da ake kira The Sanctuary, kuma dukan daulolin nan huɗu, waɗanda ba su yarda da juna ko da na ƙiftawar ido ba, sun bar su suna da tashoshi a ƙasashensu. Amma wanda ya ɗauka cewa tausayi ne kaɗai ke tuƙa su bai karanta ƙissar har ƙarshe ba, gama tushen al'amarinsu i'itiƙadi ne: sun ƙudurta cewa rusasshiyar ƙofar nan ta EVE mashiga ce zuwa Aljanna, cewa Ubangiji yana can bayanta, kuma cewa wajibi ne a kansu su yi ta nazarinta da na'urori da lissafi har su gane sirrinta, domin a zatonsu ranar da aka fahimce ta za a sami dawwamammen zaman lafiya. Saboda haka mace ɗaya a cikinsu takan zama mai jinya da safe, masaniyar ilmin falaki da rana, mai zuhudu da dare.

Musulmi mai karanta wannan ba ya bukatar a tuna masa cewa Allah Maɗaukakin Sarki ya tsarkaka daga a ce wata ƙofa ta killace Shi, ko a auna hanyar zuwa gare Shi da ma'auni. Kirista ma ba zai sami aƙidarsa a nan ba. Su kansu marubutan ba su ƙago wannan don a yi imani da shi ba. Abin lura a gare mu wani ne daban. Waɗannan marubuta, waɗanda suka tashi a wata nahiya da addini ya ja baya daga harkokin yau da kullum, da suka zo zana mafi munin zalunci a duniyarsu, wato bautar da Amarr suka yi wa Minmatar, sai suka jingina shi ga addini, suka ba masu bulala nassi da limamai. Da kuma suka zo zana mafi kyawun ihsani, alhali suna da ikon su mai da shi wata hukuma ta daulolin ko wani kamfanin inshora, sai hannunsu ya sake komawa ga addini, kamar dai sun kasa gaskata cewa mutum zai jefa kansa cikin wuta don baƙon da bai sani ba in babu wani abin da yake tsammani bayan wannan rayuwa. Ko sun yi haka da gangan ko kuwa al'adar da suka gada ce ta ja alƙalaminsu, sakamakon dai ɗaya ne, kuma a ganina ya fi adalci bisa ga yawancin littattafan irin wannan fanni, waɗanda ko dai su shafe addini daga gobe ɗungurum, ko su bar shi a hannun azzalumai kaɗai.

Ba su ne farkon waɗanda suka hau da ɗariƙa sama ba. Wani Ba'amurke mai suna Walter M. Miller Jr., wanda a Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin ma'aikatan jiragen da suka yi ruwan bama-bamai a kan tsohon gidan ibadar Monte Cassino a Italiya cikin 1944, abin da ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa, ya wallafa littafin A Canticle for Leibowitz, wanda ya ci kyautar Hugo a 1961; a ciki wasu ruhubanawa ne ke adana ragowar littattafai bayan yaƙin nukiliya ya ƙone duniya, suna kwafa suna haddacewa ƙarni bayan ƙarni, har ilmi ya dawo, mutane suka sake ƙera makamin suka sake harba shi, ruhubanawan kuma suka kwashi yara da littattafan suka shiga kumbo suka nufi taurari. A 1996 Mary Doria Russell ta fitar da The Sparrow, inda limaman Jesuit suka riga gwamnatoci aika tawaga zuwa wata duniya, da kyakkyawar niyya, suka kuma jawo musiba. Bambancin 'Yan'uwa Mata da waɗannan shi ne, littafi ana karanta shi ne a rufe, su kuwa an sake su a cikin kasuwa, inda dubban mutane masu son zuciya za su yi mu'amala da su kullum, su kuma yi da kayansu abin da suka ga dama.

Jirgin ceto a hannun ɗan fashi

Sabon shiga yakan fara saduwa da su ne a tauraron Arnon, inda wata mai suna Sister Alitura ke ba shi aiki na farko cikin jerin ayyuka wajen hamsin da aka saka a wasan a 2009, waɗanda ke zagayawa da shi ƙasashen daulolin huɗu har ya ƙare da gwabzawa da wani mugu mai suna Dagan. Tun a nan mai hankali zai ga wani abu: da yawa daga cikin ayyukan da ɗariƙar salama ke ba shi harbi ne. Wanda ya daɗe yana yi musu hidima yakan tara wani lada da suke rubuta masa, da shi ne yake fansar kayansu, kuma na'urorinsu na laluben hanya sun fi na kowa kyau, har ya zama duk mai yawon bincike da ya san abin da yake yi nasu yake ɗauka.

A watan Nuwamban 2013 aka fitar da jiragensu guda biyu, ƙaramin ana ce masa Astero, matsakaicin Stratios, sannan babban, Nestor, ya biyo baya a farkon 2014. Duk wanda ya ga Stratios sau ɗaya ba ya manta shi: fari ne fat kamar rigar likita, da ratsin ja, dogon jiki siriri, da wani babban zobe da ya kewaye ƙugunsa ta baya, ya fita dabam a cikin jiragen New Eden masu launin tsatsa da zinariya da toka. An ce an ƙera shi ne domin doguwar tafiya a wuraren da babu tasha, saboda haka aka ba shi sulke mai ƙarfi, da rumbun ƙananan jirage marasa matuƙi da za su kāre shi, da idon gano abin da ke ɓoye, da kuma abin da ya fi kome daraja, wato ikon yin layar zana, ya ɓace wa kowane ido da kowace na'ura alhali yana cikin tafiya. Hujjar a bayyane take, mai zuwa ceto a fagen fama yana bukatar ya shiga ba a gan shi ba. Sai dai kowace sifa daga cikin waɗannan, in ka juya ta, sifar ɗan kwanton ɓauna ce. Ba a kuwa daɗe ba Stratios ya zama abin so ga masu farautar mutane, waɗanda kan laɓe a kusa da wani kango na tarihi, su yi shiru rabin sa'a suna kallon wani talaka yana ta fama da makullin akwati, sai ya buɗe ya kwashe abin da ke ciki, sannan farin jirgin nan mai alamar rahama ya bayyana a bayansa, ya riƙe shi, ya sakar masa ƙananan jiragensa. Har ta kai ga cewa matuƙin da ya hangi jirgin 'Yan'uwa Mata a wurin da babu kowa, abin da ya fi masa alheri shi ne ya ranta a na kare.

Wanda ya san tarihi ba zai ga baƙon abu a nan ba. A ƙarni na goma sha ɗaya wasu fatake daga birnin Amalfi na Italiya sun kafa asibiti a Baitul Muƙaddas domin masu ziyara, Fafaroma ya amince da jama'ar da ke kula da shi a matsayin ɗariƙa a 1113, kuma an ruwaito cewa ba su kan kori majinyaci don addininsa ba. Kafin ƙarni na goma sha biyu ya ƙare sun ɗauki takobi, da hujjar tsare hanyar masu ziyara. Daga baya suka mallaki tsibirin Rodus har Sarkin Musulmi Sulaiman na Usmaniyya ya fitar da su a 1522, suka koma Malta a 1530, inda jiragensu suka shahara da tare jiragen Musulmi a Bahar Rum suna kwasar dukiya da bayi, har Napoleon ya kore su a 1798. Yau sun koma aikinsu na farko, asibitoci da agaji. Tsakanin ma'aikacin jinya da ɗan fashin teku babu wata rana guda da aka yanke shawarar canzawa. Kowane mataki da uzurinsa, kowane uzuri kuma mai kyau ne a ranarsa. Marubutan EVE sun san wannan, shi ya sa ba su bar ɗariƙarsu fara tas ba: a watan Disamban 2014 aka buɗe wani tauraro mai suna Thera, can a ɓoye inda babu ƙofar da ke kai wa gare shi, sai ga tashoshi huɗu na 'Yan'uwa Mata a ciki, a tsakiyar duniyoyin da wata masifa ta farfasa, abin da ya nuna sun daɗe da sanin wurin suna bincikensu, ba su gaya wa kowa ba. Mai ɓoye irin wannan, ko da niyyarsa ta kai madara fari, ya ba mutane dalilin tuhuma.

Waɗanda suka ɗauki aikin da gaske

Daga cikin taurarin wasan akwai wajen 2,500 da ba a shiga sai ta ɓarauniyar ƙofa, wadda ke buɗewa yau ta rufe gobe, ko ta rufe nan take in jiragen da suka ratsa ta sun yi mata nauyi. A can babu taswira, babu 'yan sanda, kuma babu hanyar fita sai mutum ya harba na'urorinsa na lalube guda takwas, ya yi ta matsa su yana ƙunƙuntar da'ira har su nuna masa inda wata ƙofar take. To, a ce matuƙi ya shiga, ƙofa ta rufe a bayansa, ya duba rumbunsa ya tarar ya manta na'urorin a gida, ko ya gudu daga maƙiyi ya bar su a baya. Yana iya zama attajiri mai jirage ɗari a tasharsa, amma a wannan sa'a ba shi da abin da zai fisshe shi, zaɓinsa biyu ne, ko ya zauna jiran abin da Allah zai yi, ko ya tarwatsa kansa ya farka a gida ya yi hasarar jirgin da duk abin da ke ciki. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan mutum. Shi ne ibnus-sabili, ɗaya daga cikin takwas ɗin da aka ambata a Suratut Tauba cikin masu cin zakka, wanda suka ce ana ba shi abin da zai kai shi gida ko da mawadaci ne a garinsu, domin dukiyar da hannu ba ya kai wa gare ta ba ta kashe ƙishirwa.

Su 'Yan'uwa Mata na cikin ƙissa ba za su zo masa ba, don rubutu ne kawai da hoto. Waɗanda ke zuwa mutane ne na gaske. A farkon 2015 wasu 'yan wasa suka kafa wata ƙungiya mai suna Signal Cartel a ƙarƙashin inuwar EvE-Scout, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta kuwa mace ce da ta yi suna a da wajen jagorancin 'yan fashi a wannan wasa, sannan ta ajiye makami. Suka rubuta wa kansu ƙa'ida wadda duk mai shiga sai ya karɓa: ba za su fara kai wa kowa hari ba, ba za su yi zamba ba, ba za su riƙe wanda ya harbe su a zuci ba, kuma za su taimaki kowane matuƙi ko daga wace runduna yake. In sun fita gayya, abin da suke ɗora wa bindigoginsu shi ne wasan wuta da ƙwallon ƙanƙara, su je su yi ta jifan mayaƙa da su, a kashe su suna dariya. Babban aikinsu shi ne, suna bin waɗannan ɓoyayyun taurari ɗaya bayan ɗaya, suna kafa ƙaramin akwati mai kulle a wani lungu na sarari, a ciki su zuba na'urorin lalube, kamar dai randar da ake girkewa a ƙofar gida da moɗa a kanta saboda mai wucewa. Kuma da yake akwatin da aka yi watsi da shi yakan ɓace bayan kwana talatin, dole wani ya riƙa komawa yana duba shi, yana cika abin da aka ɗiba. Wanda ya maƙale sai ya aika musu da kira, mai tsaron layi ya amsa, ya gaya masa wajen duniyar da zai dosa da kalmar buɗe akwatin. In babu akwati a wurin, sai a sa masu neman hanya su yi ta shiga suna fita, wani lokaci kwana da kwanaki, har wani ya faɗo inda yake ya ja shi zuwa fili. Ba su karɓar ko anini, kuma sau da yawa wanda suka fitar ɗin shi ne zai harbe su in sun sake haɗuwa. Wani daga cikinsu ya shafe fiye da shekara tara yana zagayawa har ya taka kowane tauraro da ake iya shiga a wasan, ya gama a watan Maris na 2019 bai yi hasarar jirgi ko ɗaya ba, kamfanin kuma ya kafa masa gunkin tunawa a cikin sararin.

Na san mai karatu zai ce, to, duk wannan ai lagawu ne, ceton ƙarya ne daga haɗarin ƙarya. Ban kuwa ce maganarsa ba ta da ƙamshin gaskiya ba, musamman ga wanda ya san yadda irin waɗannan wasanni ke cinye dare da rana, su raba saurayi da karatunsa, magidanci da iyalinsa. Sai dai jirgin ne na ƙarya. Sa'o'in da mai ceton ya bayar daga cikin ransa aka yanke su, kuma ya bayar da su ne a wurin da babu doka ko kunyar idon jama'a da za ta tilasta shi, bal ma cin amana ne ake yi wa tafi.

Akwai kuma inda sunan ɗariƙar ya fito daga wasa ya taɓa ilmi na haƙiƙa. A watan Maris na 2016 aka ƙaddamar da Project Discovery, wanda a cikin ƙissa aka ce bincike ne na 'Yan'uwa Mata, a zahiri kuwa aikin masanan Human Protein Atlas ne na ƙasar Suwidin, waɗanda ke da tulin hotunan ƙwayoyin halittar jikin mutum da aka ɗauka da madubin ƙara girma, suna bukatar idanu masu yawa da za su duba su faɗi a wane sashe na ƙwayar kowane furotin yake zaune. Sai aka saka hotunan a cikin wasan, matuƙi yana jiran abokansa ko yana haƙar ma'adini sai ya buɗe ya duba 'yan kaɗan, a ba shi lada na cikin wasa. Shugabar binciken, Farfesa Emma Lundberg, har an zana ta a matsayin ɗaya daga cikin malaman ɗariƙar. Sakamakon da aka buga a mujallar Nature Biotechnology a 2018 ya nuna 'yan wasa fiye da 300,000 sun ba da hukunci kusan miliyan 33. A 2017 aka juya aikin zuwa neman duniyoyin da ke kewaya wasu taurari, tare da Jami'ar Janeba da Michel Mayor, wanda ya sami kyautar Nobel a 2019, a 2020 kuma aka koma kan nazarin ƙwayoyin jini saboda annobar korona.

Sadaka ta kuɗi ma ba a bar ta a baya ba. Akwai wani abu da ake kira PLEX, wanda ake saye da kuɗin gaske a biya kuɗin zama cikin wasan da shi, ana kuma cinikinsa a kasuwar ciki da kuɗin wasa. In wata masifa ta auku a duniya, kamfanin yakan buɗe asusu mai suna PLEX for Good, 'yan wasa su zuba nasu, shi kuma ya juya shi zuwa kuɗi ya miƙa wa masu agaji, galibi ta hannun ƙungiyar Red Cross ta Aislan. An yi haka bayan girgizar ƙasar Haiti da ambaliyar Pakistan a 2010, da masifar Japan a 2011. Guguwar da ta afka wa Filifin a 2013 ta tara dala 190,890, girgizar ƙasar Nepal a 2015 ta tara fiye da dala 100,000, yaƙin Yukiren a 2022 kuwa ya haura dala 500,000. Cikin masu bayarwa akwai 'yan fashin da 'yan damfarar da aka ambata a sama, kuma babu shakka wani abin da aka bayar ɗin ganima ce da aka ƙwace daga hannun wani a daren jiya, mas'alar da na bar wa malamai. Kamfanin da ya shekara ashirin da 'yan kai yana kallon ana cin amana a gidansa yana cewa ai wasa ne, a nan ya ja layi: duk lokacin da aka buɗe wannan asusu yakan yi shela cewa wanda aka kama yana damfarar mutane da sunansa za a rufe masa shiga wasan.